Neman shawara: An ce guringuntsin gwiwar Ummanmu ya cinye, shin yana sake tohowa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Shekarunta sun haura 60, tana da jiki, kuma ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, musamman ta dama. Da safe gwiwar takan ƙage na ɗan lokaci kafin ta saki, in ta jima a zaune kuwa sai an kama ta take miƙewa. Sujada da hawan bene su suka fi ba ta wuya. Mun kai ta asibiti an yi hoto, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin ya cinye ta gefen ciki, mataki na 3. Ya rubuta magani, ya ce ta rage ƙiba, ya tura mu sashen gashin ƙashi.

Tun daga ranar ta daina fita ko unguwa, wai kada ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Yayanmu ya goyi bayanta, ko shara ya hana ta. Wata maƙwabciya ta kawo ƙwayoyin gulukosamin masu ɗan karen tsada, ta ce suna tsirar da sabon guringuntsi. Wani mai kemis kuma ya ce a riƙa kawo ta yana yi mata allura a gwiwar duk wata. Don Allah masu sani, guringuntsi yana dawowa? Zaman nan da take yi shi ne daidai? Mu sayi ƙwayoyin?

Hajiya Goggo:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma da shi nake kwana nake tashi. Kada ku bar ta ta zauna. Lokacin da na zauna, cinyata ce ta fara ramewa, ciwon kuma ya ƙaru. Sai da na koma zagaya tsakar gida bayan asuba da bayan la'asar na fara jin dama. Ku sa mata masai na zama, tsugunon nan yana wahalar da mu ƙwarai.

Abu Yusra (likitan ƙashi):
Maman Ilham, sannunku da jinya. Ban ga Umma ba, don haka likitan da ya duba ta shi ne gaba. Amma bari in faɗa miki abin da bincike ya nuna, domin tsoron da ya zaunar da ita ya samo asali ne daga tsohuwar fahimta.

Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwan gwiwa kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Ba jijiyar jini a cikinsa, ba kuma jijiyar da ke kai saƙon zafi. Rashin jinin nan shi ya sa ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi suke warkewa. Tun a 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, kuma har yau ba a samu wani magani da hukumomin lafiya suka amince yana dawo da shi ga mai amosanin gaɓɓai ba. To amsar tambayarki ta farko ke nan, kuma gara ki ji ta a fili.

Sai dai ki lura da ɗaya maganar. Tunda guringuntsi ba ya jin zafi, daga ina ciwon Umma yake fitowa? Nan ne bincike ya sauya tunanin likitoci. A da ana ɗauka gogayya ce kawai da tsufa. Yanzu an gane cuta ce ta gaɓar gaba ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke cikin guringuntsin su da kansu suke fara fitar da sinadaran da ke narkar da shi, har rushewa ta fi gini sauri. Ɓarɓashin da ya zuba yana harzuƙa tantanin da ya rufe gaɓar, sai ya kumbura ya tara ruwa. Ƙashin da ke ƙarƙashi yana ƙara tauri, gefunansa su yi tsiro. Tsokar cinya ta yi rauni. Tantanin nan da ƙashin su ne masu jijiyoyin zafi. A 2001 David Felson da abokan aikinsa a Boston ta Amurka sun duba gwiwoyin mutum 401 da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki. Sun ga tabon rauni a cikin ɓargon ƙashin a kusan kashi 78 cikin 100 na masu jin ciwo, amma kashi 30 kawai a cikin waɗanda ba sa jin ciwo.

Batun mataki na 3 kuma, ma'auni ne da wasu likitoci biyu, Kellgren da Lawrence, suka fitar a Ingila a 1957, daga 0 zuwa 4. Guringuntsi ba ya fitowa a hoton ƙashi, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ake dubawa, da tsiron gefe. Lambar tana faɗin abin da hoto ya nuna, ba yawan ciwon da mutum zai ji ba. Muna ganin tsoho da mataki na 4 yana zuwa gona, muna ganin mai mataki na 2 ba ta iya barci. Wannan ne ya sa ba na son iyali su ɗauki lambar nan kamar an yanke hukunci.

Baban Walid:
Likita, Allah ya ƙara sani. Amma mahaifina ya sha gulukosamin ɗin nan kuma wallahi ya ce ya ji sauƙi. Ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Abu Yusra (likitan ƙashi):
Malam, ban ƙaryata Baba ba ko kaɗan. Ciwon nan tashi yake yi ya kwanta, kuma mutum yakan fara sabon magani ne a lokacin da ya fi tsananta, wato dab da lafawarsa. Shi ya sa ake yin gwaji. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji da aka wallafa a 2006, mutum 1,583, na tsawon mako 24. Wasu an ba su gulukosamin, wasu kondiroyitin (wata ƙwayar gaɓɓai irinta), wasu duka biyun, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san abin da yake sha. Da aka haɗa lissafi, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Kimanin kashi 60 cikin 100 na masu shan ƙwayar da ba komai su ma sun ce sun ji sauƙi. Wani ƙaramin rukuni na masu ciwo mai tsanani sun nuna alamar amfana da haɗin biyun, amma da aka bi wasu daga cikin mutanen da hoto har shekara biyu, ba a ga ƙwayoyin sun kare guringuntsin ba. Ba su cika cutarwa ba, wanda ke da hali kuma yana jin daɗinsu ba na faɗa da shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce wa talaka suna tsirar da sabo, a karɓe kuɗinsa.

Masu bincike ba su zauna ba. An gwada wata allura mai suna sifirifamin a kan mutum 549, sakamakon ya fito a 2019. Ta ƙara kaurin guringuntsi da kusan milimita 0.05 cikin shekara biyu, amma ciwon bai ragu fiye da na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta ba. Ka ga ko an ƙara guringuntsin ma, ba shi kaɗai ne matsalar ba.

Ummu Sadik (ma'aikaciyar gashin ƙashi):
Yaya Maman Ilham, ki karanta wa Yayanku wannan. Tunda guringuntsi ba shi da jini, daga ruwan gaɓa yake cin abinci, kamar soso: in aka taka sai ya matse ya fitar da ruwa, in aka ɗaga ƙafa ya tsotsi sabo. Zama wuri ɗaya yunwa yake sa masa, tsokar cinyar da ke tallafe gwiwar kuma ta narke. Niyyarsa mai kyau ce, amma hutun nan cutar da ita yake yi.

Ku je sashen gashin da aka tura ku, kada ku yi wasa da shi. Kafin nan, ta zauna a kujera ta miƙe ƙafar sosai, ta riƙe kamar daƙiƙa biyar, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Ta riƙa tashi daga kujera tana komawa, da dafawa in ya kama. Ta yi tafiya a fili marar gargada, a fara da kaɗan ana ƙarawa. Ɗan ciwon da zai lafa kafin washegari ba abin tsoro ba ne. In ya wuce haka ko gwiwar ta kumbura, a rage, ba a daina ba. Sanda kuma a hannun da ke ɗaya ɓangaren za ta riƙe, wato hagu tunda dama ce mai ciwon. Mutane da yawa suna riƙewa a baibai.

Ƙibar nan ita ce babbar ƙofa. Stephen Messier na jami'ar Wake Forest ya auna a 2005 ya ga duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke kusan kilo huɗu daga kan gwiwa a kowane taku. A 2013 ya fitar da gwajin mutum 454 na wata 18. Waɗanda suka haɗa gyaran abinci da motsa jiki sun rage kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Ba yunwa za a sa mata ba. A rage malmalar tuwo da shinkafa, a rage sukari a shayi da kunu, a bar lemon kwalba, a yawaita zogale da rama da wake. Kuma ku ci tare da ita, dattijuwa ba ta jure a ware mata kwano.

Malam Abu Hafsa:
Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya wadatar: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ta tsaya a inda take iyawa, ta zauna a kujera a inda ta gaza, ta yi nuni da sujada. Kada ta ji cewa sallarta ta tawaya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tura wa Yaya. Likita, saura batun allurar mai kemis. Kuma wani ya ce ƙarshenta sai an yi aiki, gaskiya ne?

Abu Yusra (likitan ƙashi):
Allurar nan ku bar ta, ina roƙonku. Galibi sitiroyid ce, wato maganin kwantar da kumburi. Tana da wurinta, in gwiwa ta tashi ta kumbura likita yakan yi ta, a samu sauƙin 'yan makonni. Amma a 2017 Timothy McAlindon na jami'ar Tufts ta Amurka ya wallafa gwajin mutum 140 da aka yi wa allura duk mako 12 har shekara biyu. Masu karɓar sitiroyid sun rasa guringuntsi kusan ninki biyu na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, ciwon kuma bai bambanta ba. Wannan duk wata uku ke nan, a asibiti. Ina ga duk wata a shago, inda ƙwayar cuta za ta iya bin allurar ta shiga gaɓa? Tana kuma tayar da sukari ga mai ciwon suga.

Haka haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda. Sau da yawa akwai deksa (ita ma sitiroyid ce) da masu kashe zafi iri biyu ko uku a ciki, ga olsa, ga ƙoda, ga hawan jini. Ga mai shekarunta, dikilofenak na shafawa ya fi na sha aminci. In za ta sha, likita ya fara duba ƙodarta da jininta.

Aiki ba dole ba ne ga kowa, da yawa ba sa kaiwa can. Ana maganar sauya gwiwa ne in ciwon ya hana barci, ya hana tafiya a cikin gida, bayan an yi watanni ana motsa jiki da rage nauyi da shan magani ba sauƙi. Ana yin sa a Najeriya, ciki har da asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma yawancin gwiwoyin da ake sakawa suna kai shekara 15 zuwa 20. Wanke gwiwa da na'urar leƙe kuwa, gwajin da aka yi a Houston a 2002 kan mutum 180 ya nuna bai fi a tsaga fata kawai ba tare da an wanke komai ba amfani, kada a karɓi kuɗinku a kansa.

Idan wata rana gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ko Umma ta kasa taka ƙafar sam, ku kai ta asibiti a ranar. Kada a yi mata tsaga ko ƙaho a wurin kafin likita ya gani.