Methyl ya yi yawa, amma ƙwayar halin ba ta yi shiru ba

Ɗaliba: Salamu alaikum malamai. An ce methyl (ɗan sinadarin da ke maƙalewa kan DNA) na kashe ƙwayar hali (gene), wato ya hana ta aiki. To gwajin bisulfite (na gano methyl a kan DNA) a hantar ɓera ya nuna methyl jingim, ga RNA kuma na ta fitowa, alamar ƙwayar halin na aiki. Ina matsalar?

Malamin Jami'a: Wa alaikumus salam. A ina kika auna? Methyl ɗin da sunadaran DNMT3A da DNMT3B ke ɗorawa kan cytosine (harafin C na DNA) yana rufe ƙwayar hali ne idan ya sauka a CpG (inda harafin G ke bin C) na mafarinta: ya hana sunadaran kunnawa zama, ya jawo sunadarai irin su MeCP2 su ƙulle wurin. A tsakiyarta kuwa, yawan methyl ya fi zuwa tare da aikin ƙwayar halin. Ƙwayar halin Igf2 ma fa, methyl ɗin ɓangaren da aka gada daga uba ne ke korar CTCF, sunadarin da ke tare ta, har ta kunnu.

Mai Awo: Ƙanwata, duba gwajin kansa. Bisulfite ba ya taɓa DNA sai igiyoyin biyu sun rabu. In ba su rabu sosai ba, cytosine marar methyl ba zai koma uracil (harafin U) kamar yadda gwajin ke buƙata ba, sai ki ga methyl na ƙarya. Don tantancewa, zuba ɗan DNA na ƙwayar cutar lambda marar methyl, ki tabbata juyawar cytosine zuwa uracil ta haura kashi 99 cikin 100. Sannan bisulfite ba ya bambance 5mC (cytosine mai methyl) da 5hmC (cytosine mai hydroxymethyl).

Ɗaliba: Lallai a tsakiya na auna. Na gode, malamai.