Karatun iska a gasar harbin yadi 1,000: tuta za a bi ko kawalwalniya?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga manyanmu ce da suka san gasar harbin allo ta dogon zango, irin F-Class da ake yi a filin Bisili na Ingila da kuma Amurka. A bidiyon gasar sai ka ga mutum ya kwanta rub da ciki, ya share minti biyar bai taɓa kunama ba, ido na kan madubi, can kuma sai ya saki harsashi biyar a jere kamar ana korarsa. Me yake jira? Tunda ga na'urar auna iska irin Kestrel, me ya hana a auna kawai a murɗa saiti? Sannan da a ce filin a nan Sakkwato yake, tsakanin hunturu da bazara wanne ya fi wuyar karantawa?

Malamin Gidan Igwai:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai ka fara ganin lissafin kafin ka gane abin da yake jira.

Ɗauki harsashin .308, wato mai kaurin inci 0.308, mai nauyin giram 10, wanda ake harbawa a gasar Palma a yadi 800, 900 da 1,000. Yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya. Yadi 1,000 mita 914 ne. Da babu iskar da ke tare shi, da cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ya isa. Amma yana tafiya yana rage gudu, sai ya ci kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. To wannan rabin daƙiƙar da ya makara, ita ake ninkawa da gudun iskar gefe. Iskar mil 10 a awa mita 4.5 ce a daƙiƙa, ka ga kenan za ta kautar da shi kusan mita 2.2. Kowane mil ɗaya na iska yana cin kusan inci 9.

Yanzu dubi allon. A na F-Class na Amurka, da'irar maki 10 faɗinta inci 10 ne, ta cikinta mai alamar X kuma inci 5. Daga tsakiya zuwa bakin da'irar 10 inci 5 kacal. Idan ka ce iska mil 7 ce alhali 8 ce, ka faɗa maki 9 ko da hannunka bai motsa ba. Bambancin 7 da 8 kuwa fatar fuska ba ta rabe shi.

Kestrel iskar da ke gaban hancinka kawai yake aunawa. Harsashin kuma a tsakiyar hanya yana hawa kusan mita 3 sama da layin saiti, inda iska ta fi ta ƙasa ƙarfi saboda ba ciyawa ko tudu da ke tare ta.

Sai kusurwa. Ka ɗauki kanka a tsakiyar agogo, allo yana ƙarfe 12. Iskar ƙarfe 3 da 9 cikakkiya ce. Ta ƙarfe 2, 4, 8 da 10 kashi 87 cikin ɗari ce, ba rabi ba kamar yadda sababbi suke zato. Ta 1, 5, 7 da 11 ita ce rabi. Daga nan wata ƙa'ida ta fito: idan iska daga gefe take, gudunta za ka sa wa ido, don ko ta karkata daga 3 zuwa 2 abin da ya ragu kaɗan ne. Idan daga gaba ko baya take, inda ta dosa za ka sa wa ido. Iskar mil 10 da ke kaɗa wutsiya kamar kifi tsakanin 11 da 1 tana jefa harsashi fiye da mita ɗaya dama, ta dawo ta jefa na gaba fiye da mita ɗaya hagu. Ita ce mai kunyata gwanaye.

Abin da mutumin naka yake jira: kafin a fara ya zauna ya kalli filin minti 15 ko 20, ya ga wane yanayi ne ya fi dawowa kuma ya fi daɗewa. Shi ya yi wa saiti da harsasan gwaji. In yanayin ya tafi sai ya ɗauke yatsa, in ya dawo ya zuba da sauri kafin ya sake tafiya. A Amurka ana ba mutum kusan rabin awa ya gama harsashi 20 yadda ya ga dama, shi ya sa jiran yake yiwuwa. A Bisili kuwa mutum biyu ko uku ne suke karɓa-karɓa a allo ɗaya, kowa daƙiƙa 45, babu damar jira, dole kowane harsashi a yi masa sabon karatu.

Baba Arkilla:

Malam ya gama da lissahi, bari in taɓa tambayar yaro ta ƙarshe, don nan ne garin namu ya shigo.

Kawalwalniya, wato rawar da iska mai zahi ke yi bisa ƙasa, ta hi tuta gaskiya in iska ba ta da ƙarhi. Tuta tana da nauyi, sai iska ta canza ta jima kana ta amsa, ga ta can bisa sanda a gehen hili. Kawalwalniya ko iskar ce da kanta kake gani, bisa hanyar harsashi. Yadda ake ganinta: ka daidaita madubin hangen nesa har allo ya hito tas, sa'annan ka murɗo shi baya ya zauna wajen yadi 600 ko 700, allon ya ɗan dushe. Kada ka murɗa gaba ya wuce allon, sai ta nuna maka akasin inda iska ta nuhwa. Ka samu wani miƙaƙƙen abu a kwance, kamar saman allon lamba, bisa gehensa take hitowa sarai.

In tana tashi tsaye kamar tukunya na tahwasa, ko dai babu iskar gehe, ko tana cikin juyawa. Kada ka harba cikin wanga hali. Hoton allon yana ɗan ɗagawa sama, kuma sau da yawa kahin harsashi ya isa iskar ta hito ta ɗaya gehen. In ta ɗan jirkice, mil 1 zuwa 3. In ta karkata rabin hanya, 4 zuwa 7. In ta kwanta tana gudu kamar ruwan gulbi, 8 zuwa 12. Daga 12 ta kwanta ke nan, 13 da 18 duk ɗaya kake gani, sai a koma ga tuta da ƙura.

Bazara: watan Afrilu nan garin zahi na wuce digiri 40, kawalwalniya har ta yi yawa, da'irar allo na ninƙaya. Maganin shi ne a rage ƙarhin tabarau, wato madubin da ke bisa bindiga, mai ninka girma sau 45 ya sauko 25 ko 30, a kuma shimhiɗa ƙyalle ko siririn ƙarhe bisa bututu, don zahin bututun ma na tada tasa kawalwalniyar ta ƙarya gaban tabarau. Ga guguwa da ke tashi da rana tsaka, in ta ratsa hilin a dakata ta wuce. Duk da haka bazara na ba ka abin karantawa.

Hunturu ni a ganina ya hi wuya. Iskar na zowa daga arewa maso gabas, da sahe lumui, da hantsi ta taso da bugu-bugu. Hazo na rage rana, kawalwalniya ta yi rauni ko ta ɓace, ranar da ƙura ta yi kauri allon kansa da ƙyar. Ga gudun ya wuce inda kawalwalniya ke da amhwani. Sai ka dawo ga tuta, kuma ka zaɓi guda biyu kawai: ɗaya wadda iska ke kaɗawa gicciye da idonka don gudu, ɗaya wadda ke nuno ka ko ta ba ka baya don juyawa. Ka zaɓi na gehen da iska ke hitowa, su ke ba da labari tun ba ta iso ba.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri, Malam da Baba. To idan tutar kusa ta ce dama, ta wajen allo ta ce hagu fa?

Na-Wamakko:

Wannan gardama ce tsohuwa, ɗan'uwa. Idan gudun ɗaya ne, ta kusa ta fi nauyi: harsashin da aka karkatar a yadi 200 na farko zai ci gaba da bauɗewa duk sauran hanyar, wanda aka tura a yadi 200 na ƙarshe kuwa ba shi da sauran filin bauɗewa. Sai dai ban yarda a tsaya nan ba. Ta tsakiya ita ce ke samun harsashi a can sama kuma ya riga ya rage gudu, shi ya sa Baba ya ce a ajiye madubi a yadi 600. Ta bakin allo ce ta ƙarshe a daraja, ita ce kuma sababbi suka fi kallo don tana cikin tabarau.

Ba kowace bauɗiya ce laifin iska ba. Bututu mai murɗin dama, wato wanda zanen cikinsa ke juya harsashi ta dama, yana jan harsashi dama kusan inci 8 zuwa 10 a yadi 1,000 ko da iska ta mutu murus. Bindiga ta jirkice digiri ɗaya, inci 5 zuwa 6 sun tafi gefen da ta jirkice, don haka ake ɗaura ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a kan tabarau. Harsashin da ya jima cikin bindiga mai zafi albarushinsa ya ɗumama, ya fita da ƙarin gudu ya bugi sama, saboda haka mai jira ba ya rufe bindiga sai yanayinsa ya dawo. Akwai kuma wannan: a murɗin dama, iskar dama tana ɗan ɗaga harsashi, ta hagu tana sauke shi, ramukan sai su jeru daga ƙarfe 10 zuwa 4. In ka ga haka kada ka taɓa saitin sama da ƙasa.

Babban kuskure shi ne bin ramin baya a makance. Ramin labarin iskar da ta wuce yake bayarwa. Kafin ka gyara, tambayi kanka ko tuta da kawalwalniya suna nan yadda suke lokacin da ka ja kunama. In iskar ta sauka a lokacin ta kuma dawo, gyaran zai jefa ka ɗaya gefen.

Maganar gida kuma, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu milimita 7.62, wato kaurin .308 ɗin nan, cikin jerin waɗanda aka haramta, don haka ba abin da mutum zai nema ya gwada a bayan gari ba ne. Karatun iskar dai ba ya buƙatar bindiga. Sami madubin hangen nesa da ƙaramar na'urar auna iska ka tafi fadamar Rima bayan an yi girbi. Abokinka ya tsaya da na'urar a nisan taku 500, kai ka kalli kawalwalniya da ganyen dogon yaro da ƙura ka faɗi lamba, shi kuma ya gaya maka ta gaskiya ta waya. Ku rubuta duka biyun a littafi, sau 20 a zama ɗaya, rabi da hantsi rabi bayan azahar. Ranar da kuskurenka ya daina wuce mil ɗaya, sai ku ƙara nisan zuwa taku 800.