Ɗan kwangila ne ya ɗauke shi, a sito yake aiki: wa ke da alhakin jinyarsa?

Ɗan Mamobi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar aiki ta Ghana. Ƙanena yana aiki a wani babban sito da ke hanyar Spintex, inda ake sauke kwantenoni daga tashar jirgin ruwa ta Tema, a jera shinkafa da mai da sabulu, sannan a loda wa motocin da ke kai wa manyan kantunan Accra. Ba masu siton ne suka ɗauke shi ba, wani ɗan kwangila ne ke kawo musu leburori, yana biyansu kuɗin yini a ƙarshen mako. Ya haura shekara a wurin ba tare da takardar ɗauka ba, kuma idan kwantena ta iso da yamma ba mai tashi sai an gama sauke ta. Kwanan baya kaya suka zame daga injin ɗaga kaya suka danne masa ƙafa, kuma ba takalmin kariya a ƙafarsa. Manajan sito ya ce a je wurin ɗan kwangila, shi kuma ɗan kwangila ya ce ma'aikacin yini ba shi da haƙƙin jinya. Shin haka doka ta ce?

Malamin Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, maganar ɗan kwangilar nan ba ta da tushe. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta bayyana ma'aikacin yini da cewa shi ne wanda aikinsa na lokaci-lokaci ne, wanda bai wuce wata 6 a jere ba, kuma sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 ko fiye a jere a hannun mai aiki ɗaya, za a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Ke nan wanda ya haura shekara ya cancanci yarjejeniya a rubuce, da hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki, da zubin SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata, inda mai aiki ke sa kashi 13 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 5.5. Ko da ma yana cikin 'yan yini na gaskiya, sashe na 74 ya ba shi kuɗin ƙarin lokaci da damar jinyar da sauran ma'aikatan wurin ke samu. Lokacin aiki awa 8 ne a rana ko 40 a mako, saboda haka daren da ake raba su da barci a kan kwantena akwai kuɗinsa daban.

Batun rauni kuwa yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 1987, wato PNDCL 187. Sashe na 118 na Dokar Ƙwadago ya wajabta ba da kayan kariya kyauta, sashe na 120 kuma ya ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya kai rahoton hatsari ga hukuma cikin kwana 7. Ku je ofishin ƙwadago mafi kusa da takardun asibiti, domin likita ne ke auna girman raunin, a kan wannan ake lissafa diyya, kuma jinkiri yana iya ɓata neman.

Hajiyar Madina:
Malam ya faɗi doka daidai, amma ni da na daɗe ina sarin kaya a irin waɗannan wurare, ina ganin ba a wurin sanin doka gizo ke saƙar ba. Manyan kantuna suna matsa wa masu sito su kawo kaya da sauri kuma da araha, masu sito su miƙa ɗaukar leburori ga ɗan kwangila domin kada sunan kowa ya shiga littafinsu, shi kuma ɗan kwangila ribarsa tana cikin abin da ya rage daga kuɗin yini. Wasu ma sukan sallami yaro kafin ya cika wata 6, su dawo da shi bayan ɗan lokaci kamar sabo. Ɗana, abin da za a fara tambayarku shi ne shaidar cewa ya yi aikin a jere, don haka kafin ku ɗaga murya ku tattara saƙonnin kuɗin waya da aka riƙa biyansa da su, da katin shiga ƙofa idan yana da shi, da sunayen abokan aikin da suka ga hatsarin. Ku yi wannan da wuri, domin wanda ke tsoron rasa abincinsa ba ya daɗewa yana tuna abin da ya gani.

Tsohon Lebura:
Ina goyon bayan Hajiya, sai dai ba na so a tsorata su har su haƙura. Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NLC, tana karɓar ƙorafin ma'aikaci kai tsaye ba sai da lauya ba, kuma tana gayyatar ɓangarorin biyu su zauna. Shawarata ita ce a rubuta sunan ɗan kwangila da na masu sito duka a cikin ƙorafin, tunda hatsarin a harabarsu ya faru, da injinsu, kuma shugaban aikinsu ne ke ba da umarni, sai a bar hukuma ta tantance rabon kowa. A kuma bincika ko ɗan kwangilar yana da lasisin samar da ma'aikata, domin doka ta wajabta shi. Sauran yaran kuma su nemi ofishin ƙungiyar ICU, wadda ke wakiltar ma'aikatan masana'antu da kasuwanci, domin korar mutum saboda shiga ƙungiya tana cikin korar zalunci a sashe na 63.

Ɗan Mamobi:
Na gode, Malam, Hajiya da Baba, Allah ya saka da alheri. Saƙonnin biyan kuɗin suna nan a wayarsa tun daga farko, sai dai daga lambar ɗan kwangilar kansa suke zuwa, ba ta kamfani ba. Gobe, in Allah ya yarda, zan karɓo rahoton likita in wuce ofishin ƙwadago. Idan akwai wanda ya taɓa shigar da ƙorafi da irin wannan shaidar, ina so in ji yadda aka karɓe ta.