Na gama digirin muhalli: in kama aiki ko in tafi mastas?

Zee_Muhalli: Salam 'yan uwa. Na gama digiri a nazarin muhalli, abu biyu ne a gabana. Wani ƙaramin kamfani mai rubuta rahoton EIA, wato tantance illar da aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, sun ce in zo in fara amma albashin ba wani abin kirki ba ne. Ga kuma gurbin mastas na samu, ni zan biya, kuma cikakken lokaci ne ba a haɗa shi da aiki. Kafin ƙarshen wata ake son amsata. Dan Allah wanda ya bi ɗaya daga ciki ya faɗa min yadda ta kaya.

Abban Sadiq: Haɗa duka biyun mana, aiki da safe karatu da yamma.

Zee_Muhalli: Yaya ai na ce cikakken lokaci ne fa 😩

Mai Taswira: Ƙanwata rabu da su duka ki koyi GIS, wato haɗa taswira da nazarin bayanan wurare a kwamfuta. Manhajar QGIS da ake yin sa da ita kyauta ce, hotunan tauraron Landsat ma tun 2008 kyauta ake saukewa, laftof kawai kike buƙata. Ni da taswira nake cin abinci, ba wanda ya taɓa tambayar darajar digirina.

Ɗan Autan Mama: Mu dai a gida har yau dubagari ake ce min, duk wanda kwatarsa ta toshe ni yake nema hhh

Bawan Allah: Zee ki ji daga wanda ya ɗanɗana. Irin kamfanin nan na yi wa aiki, wlh har yau in na tuna raina ɓaci yake. An turo mu ɗebo samfurin ruwa daga wani rafi da za a gina masana'anta a gefensa, oga ya ce gobe yake son sakamako, na ce masa ranka ya daɗe gwajin BOD, wato na auna gurɓatar ruwa, shi kaɗai kwana 5 yake ɗauka a ma'aunin zafi digiri 20 na Celsius, ba yadda za a yi ya fito gobe, sai ya buɗe wani tsohon rahoto na wani wuri daban ya ce in canza sunan rafin da kwanan wata kawai. Na ƙi. Daga nan aka daina fita da ni fili, aka riƙe min alawus, ƙarshe aka ce kwantiragina ya ƙare. Kuma rahoton ya wuce, an amince da shi, mutanen da ke shan ruwan nan ba wanda ya je ya tambaye su komai.

Maman Hanif: Allah ya isar maka. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, inda nake ayyukan da masu ba da bashi na waje ke sa wa ido muke yi, ƙa'idojin IFC, wato reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, guda 8 ake bi, ko samfur ɗaya ka ƙirƙira za a kama ka.

Bawan Allah: Hajiya irin naku nawa ne? Ita ƙaramin kamfani ta ce.

Safety_First: Ni shawarata NEBOSH, wato satifiket ɗin lafiya da kariya a wurin aiki, ki ƙara da kwas ɗin binciken ISO 14001, ƙa'idar kula da muhalli a kamfani, masana'antu su suke dubawa. Sai dai tsada, ya cinye min albashin wata uku.

Mai Taswira: Wata uku?? Abokina bai kashe na wata ɗaya ba, ta intanet ya yi.

Safety_First: To ya duba ko cibiyar tana cikin jerin waɗanda NEBOSH ta amince da su, ana sayar da satifiket na bogi.

Maman Hanif: Ni ko sisi ban biya ba, kamfani ya biya min.

Ɗan Autan Mama: Albashin wa ake awo da shi ne tukuna? In nawa ne sai shekara biyu 😂

Malam Dakta: Ina koyar da fannin nan. Zee ki yi mastas, amma ki zaɓi ɓangare ɗaya ki ƙware, ruwa ko shara ko lissafin hayaƙin kabon. Matsalar digirinmu kenan, an taɓa komai kaɗan-kaɗan, ba a nutsa a ko ɗaya ba.

Safety_First: Da girmamawa Malam, yaushe rabonka da neman aiki? Masu mastas nawa ne ke turo min takardu suna roƙon ko na sa-kai ne.

Malam Dakta: Ɗana, rahotannin da kuke magana a kai ana kawo min in duba.

Bawan Allah: Ai ku ne ake jera sunayenku a shafin masana, ba ku taɓa taka filin ba. Ba kai nake nufi ba Malam, amma ka san ana yi.

Zee_Muhalli: To ni yanzu wanne zan ɗauka ne dan Allah?

Abban Sadiq: Abin da ke ƙona min rai ma shi ne tallan aikin, a rubuta ƙaramin jami'in muhalli sannan a ce sai mai gogewar shekara biyar, a ina zai samo ta?

Ɗan Autan Mama: Kuma ka je intabiyu ka tarar injiniya ko ɗan kemistiri aka ɗauka, wai sun fi mu iya lissafi.

Mai Taswira: Gaskiya ɗaya ce, sun fi mu 😅

Abban Sadiq: Kai ma ai jogirafi ka karanta, kana cikin masu cinye mana gurbi.