Shawarwari ga mai shirin karatu a Indunusiya

Da aka tattauna kan harshen da ɗalibi baƙo zai fara koya, bakin kusan kowa ya zo ɗaya: ya kama Bahasa Indonesia, wanda tsarin mulkin 1945 ya mai da harshen ƙasa. Da shi ake koyarwa, da shi ake aikin ofis. Jami'o'i da dama na da shirin BIPA na koyar da baƙi harshen, Badan Bahasa kuma, wato hukumar kula da harshe ta ƙasar, ita ke da KBBI, babban ƙamus ɗin harshen, da UKBI, jarrabawar auna ƙwarewa a harshen.

Inda aka fi jan magana shi ne bambancin harshen littafi da na titi. Malami zai koya maka "tidak" (a'a), a kasuwar Jakarta kuwa "nggak" za ka ji. Wani ya ce nahawun ba wuya, ɗafa-goshi irin su meN- da ber- ne ke ba da wahala. Bahaushe dai yana da ɗan sauƙi, don kalmar "waktu" tasu da "lokaci" tamu ma'anarsu ɗaya, kuma duk daga Larabci suka fito.

Harsunan yankuna sun haura 700. Wanda zai zauna birnin Yogyakarta ya koyi gaisuwar Jabanci, harshen yankin, ta krama, wato salon girmamawa, kada ya yi wa dattijo ngoko, salon magana tsakanin tsara, don rashin ladabi ne.