Bikin kamun kifi na Argungu: na 'yan gari ne ko na baƙi?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a majalisarmu na faɗi wata magana aka yi mini caa, shi ne na ce bari in kawo ta gida kowa ya faɗi tasa. Cewa na yi bikin kamun kifi na gulbin Matan Fada ya tashi daga namu ya koma na manya da baƙi. Kwana huɗu gari zai cika ya batse, motoci tun daga hanyar Birnin Kebbi har ta Sakkwato, amma ran da aka watse me ya rage wa talakan Argungu? Kuɗin mashin ya ninka, kifi ya yi tsada a garin kifi, inuwa mai kyau ta masu kati ce, mu kuma muna rana muna ɗage wuya. In ƙarya na yi a gyara mini.

Gwaggo Hajara: Wa alaikumus salam. Nasiru ɗana, kai kallo kake zuwa, ni nema nake zuwa, shi ya sa abin da muke gani ya bambanta. Tun ana saura mako nake sayen shinkafa da man gyaɗa da itace. Daren jajibiri ba na runtsawa: a jiƙa, a kai niƙa, a kwaɓa ƙullu a bar shi ya tashi. Kafin kiran assalatu tanda uku na bisa wuta, yara biyu na juya masa, ni ina gun kaskon kifi, tarwaɗa gefe, karfasa gefe, ga yaji a roba. Kafin azahar robar ƙullu ta farko ta ƙare. A bikin 2020 da cinikin kwana huɗun nan na haɗa wa Sadiya katifa da kwanukan jere. Ka tambayi masu fura da nono da ke shigowa daga ruga, ka tambayi masu tsire da masu rake, har yaran da ke tallan ruwan leda. Kada ka ce ba mu samun komai, haƙƙinmu zai kama ka.

Nasiru: Allah ya huci zuciyarki Gwaggo. Amma kwana huɗu ne fa, kuma ba kowace shekara ba. Kusan shekara goma aka yi ba biki kafin na 2020. A shekarun nan wa ya tambayi masu masa yadda suka yi?

Malam Bashir: Ƙanena, wannan da ka kawo ai hujja ce a kanka. In rashin bikin ya ƙuntata wa mutane, ashe ke nan yinsa na amfanarsu. Sannan batun baƙi, ka duba asalin abin. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan dogon zamani na yaƙi da gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Don karrama wannan baƙo aka shirya gagarumin kamun kifi, daga nan abin ya ɗore. Ka ga tun ranar farko da baƙo aka fara. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa. Garuruwa nawa ne a Arewa suka sami haka? In ka je Legas ko Kano ka ce daga Argungu kake, kafin ka rufe baki za a ce maka garin kifi.

Kawu Manu: Bashir, karatunka daidai ne, amma akwai saura. Kabawa na kamun kifi tun kafin 1934, ana gyaran ruwa, ana jiran izinin Sarkin Ruwa, ba wanda ke jefa homa sai an buɗe. Ziyarar ta ɗaukaka abin ne, ba ita ta haife shi ba. Ni na shiga Matan Fada tun gemuna bai fito ba. Ku da ke kan tudu ƙura kawai kuke gani. Ana harba bindiga sai ƙasa ta ɗauki rawa, dubban mutane da gora a ka da homa a hannu, kowa na rige-rigen faɗawa. In ka shiga ba ka ganin komai sai laka, da ƙafa da hannu kake laluben kifi, makaɗa na bisa kwale-kwale suna kiran sunan gidanku. Giwan ruwa in ya bugi ƙirjinka sai numfashi ya ɗauke. Awa guda ce, amma wallahi duk shekara ita muke jira. To wanga abu ba baƙon da zai ƙwace mana shi, don baƙo bai shiga laka.

Nasiru: Kawu, na yarda da wannan. To amma cikin dubban nan mutum nawa ke fita da mota da kujerar Makka? Wanda ya kamo mai kilo 78 a 2020 ya dace, Allah ya sanya albarka. Sauran fa?

Kawu Manu: Sauran sun fita da kifinsu, wani ya sayar nan bakin ruwa, wani ya kai gida a yi banda. Ba a kan kyauta damuwata take ba, ɗana. Damuwata ruwan ne. Inda da can nake nutso ba na taɓa ƙasa, yanzu yashi ya cike, yaro ma na tsayawa. Manyan kifi sun ja baya. A yi ta gyaran rumfar manya da fenti, gulbin da ake taruwa dominsa ba a yashe shi ba. Ga injunan ban ruwa jere a bakin fadama dare da rana suna zuƙa.

Yaya Umaru: Haba Kawu, kada a ɗora mana laifi mu manoman rani. Shinkafar nan ita ke riƙe da gidaje wata goma sha biyu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT nan Argungu a 2017, matasa nawa suka fasa tafiya ci-rani? Masar da Gwaggo ke toyawa daga fadamar nan ta fito. Kuma a baje kolin amfanin gona na bikin ne na fara haɗuwa da dillalin da ke sayen shinkafata har yau.

Kawu Manu: Ban ce a daina noma ba, Umaru. Nima tuwon shinkafa na ci daren jiya. Cewa na yi a duba gulbi.

Gwaggo Hajara: To tunda an zo nan, bari in ba Nasiru gaskiyarsa guda, don ta ci mini rai. Ranar babban kamu na riga na kafa murhu kusa da hanyar da mutane ke bi, wuta ta kama, mai ya yi zafi, sai ga wasu masu lura da fili suka ce in tashi, manyan baƙi za su wuce. Da zafinsa muka ciccibi kasko, mai ya zubo wa ƙaramar yarinyata a ƙafa, har yau da tabo. Can baya aka tura mu, ba inuwa, ba ruwa kusa, ƙura na sauka kan abinci muna rufewa da fefe. Rumfunan gaba kuwa na waɗanda suka zo da motocinsu da kujerunsu daga wasu garuruwa ne. Ban ƙi su ci rabonsu ba. Amma baƙon da ya taso daga nesa kifin Argungu ya zo ci, daga hannun matan Argungu, sai ya sha yawo kafin ya gano mu.

Malam Bashir: Subhanallahi. Gwaggo ban taɓa jin wannan ba. Allah ya ba ta lafiya.

Nasiru: Abin da nake nufi ke nan tun farko, bakina ne bai iya tsara shi ba. Na janye cewa ba a samun komai. Amma ban janye cewa ɗan gari ne ake turawa baya ba.

Malam Bashir: A nan ba ni da ja. Sai dai mu yi wani abu a kai. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ƙofarsa ba a rufe take ba. Mu rubuta takarda ta hannun mai unguwa, a nemi a ware wa mata masu abinci na gari layi guda kusa da mutane, da rumfa, tun kafin a fara rabon fili. Ni zan rubuta, Nasiru ka zagaya ka tattaro sunaye.

Kawu Manu: Ka sa maganar yashe gulbi a ciki.

Yaya Umaru: A sa, zan sa hannu. Amma kada a rubuta cewa injunanmu ne suka shanye shi.

Gwaggo Hajara: Bashir, ka ƙara da famfo ko tankin ruwa, da wurin zuba shara, da inda mata za su kewaya. Nasiru ka biyo gida bayan la'asar, masu masa da masu suyar kifi na unguwarmu duk na san ƙofofinsu, sai mu fara da su.