Ta yaya zan auna ƙwarewar ɗalibai wajen neman bayani?

Assalamu alaikum malamai. Ina aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a nan Yamai, ina koya wa ƴan shekarar farko bincike a Google Scholar da Cairn (shafukan neman rubuce-rubucen ilimi a intanet), da tantance sahihin bayani. Jarrabawar zaɓi-ɗaya kusan kowa yana ci. Amma in aka ba su aiki, sai ka ga ɗalibi ya kawo takardar da aka tura masa ta WhatsApp, ba sunan marubuci, ba shekara. Abin yana damuna sosai. Kwamfutocinmu kaɗan ne, ɗalibai birjik, ga ɗaukewar wuta, don haka gwada kowa shi kaɗai ba zai yiwu ba. Don Allah, wace dabara kuke bi?